Sai An Nema: Haƙƙin Wanda Aka Cuta a Kotun Masu Taɓin Hankali ta Kalifoniya

Fayil yakan iso teburinmu da safe, kwana ɗaya ko biyu bayan an yi kamu. A cikinsa akwai rahoton 'yan sanda, lambar shari'a, sunan wanda ake tuhuma, sai suna da lambar wayar wanda aka cuta. Mu ma'aikata ne a sashen taimakon waɗanda aka cuta, ƙarƙashin ofishin lauyan gwamnati na wata gunduma a jihar Kalifoniya ta Amurka. Fayil ɗin da muke karantawa sau biyu shi ne wanda rahotonsa ya ce an tarar da mutumin yana surutu shi kaɗai, ko iyalinsa sun ce ya yi makonni bai sha magani ba. Irin wannan da wuya ya bi hanyar da kowa ya sani ta gurfanarwa da hukunci da ɗauri. Yakan ƙare ne a kotun masu taɓin hankali, inda ake jingine hukunci a ɗora mutum kan magani, alƙali yana sa masa ido. Kuma sau da yawa wanda aka cuta da wanda ake tuhuma adireshinsu ɗaya: uwa ce da ɗanta, ko yaya da ƙanenta.

Irin wannan kotu ba tsohuwa ba ce. Wadda aka fi sani a matsayin ta farko an buɗe ta a 1997 a gundumar Broward ta jihar Fulorida, ƙarƙashin mai shari'a Ginger Lerner-Wren. Ƙananan laifuka kawai take karɓa a lokacin, ko duka ne ma ba ta karɓa sai wanda aka daka ya amince. Daga baya kotuna irin ta Brooklyn a birnin New York, wadda aka buɗe a 2002, suka fara karɓar manyan laifuka. Shigowar manyan laifuka kuwa shigowar mutanen da aka karya wa hannu ne, da waɗanda aka ƙona wa ɗaki ko aka zare wa wuƙa. Amma tsarin kotun yana nan yadda aka kafa shi, domin marar lafiya: ga alƙali, ga lauyan wanda ake tuhuma, ga lauyan gwamnati, ga ma'aikacin asibiti, ga jami'in sa ido. Wanda aka cuta ba a ajiye masa kujera ba. Haƙƙoƙinsa suna nan a rubuce, sai dai yawancinsu ba sa aiki sai ya buɗe baki ya nema.

Kiran farko muna yinsa a ranar da fayil ya iso, saboda wa'adi biyu ne suka matse mu. Doka ta ce a kai wanda aka tsare gaban alƙali cikin awa 48, ban da Lahadi da ranakun hutu, kuma a wannan zama ake maganar beli. Sannan umarnin kariya na gaggawa, wanda ɗan sanda ya samo daga alƙali ta waya a daren da abin ya faru, yana mutuwa bayan ranakun aikin kotu 5 ko kwana 7, duk wanda ya riga cika. Idan mai ɗaukar wayar dattijuwa ce Bahaushiya, abin da akan samu jefi-jefi, gaisuwa ce gaba da komai: "Hajiya, ina kwana? Yaya jikin? Yaya muka ji da wannan abu? Allah ya ba yaron lafiya." Sai ta sake sannan a shiga tambayoyi. Ina kuke kwana yanzu? Yana da makullin gidan? Akwai bindiga a gidan? Akwai ƙananan yara? Wace lamba za a kira ku da ita wadda hannunsa ba ya kaiwa? Ta ƙarshen nan mutane kan ɗauke ta ƙarama. Uwa da ɗa kan haɗa akwatin wasiƙa ɗaya, wani lokaci shi ne ma ya buɗe mata imel, to duk sanarwar da muka aika shi za ta fara samu.

Kafin a ajiye waya, maganar da muka fi ji ita ce: "Ni fa na yafe masa, a janye ƙarar." Mun san daga inda take fitowa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma a nan ba ita ce mai ƙara ba. A saman takarda an rubuta mutanen jihar Kalifoniya ne suke ƙarar wane, ita shaida ce. Lauyan gwamnati zai saurari ra'ayinta, amma shi ke da ikon ci gaba ko bari. Abin da muke ƙoƙarin fahimtar da ita shi ne, janye jiki daga shari'ar ba zai ceci ɗanta ba, zai dai sa a yanke komai ba tare da muryar wadda ta fi kowa sanin ciwonsa ba.

Haƙƙoƙin da muke aiki da su 17 ne, suna cikin tsarin mulkin jihar tun Nuwamba 2008 da masu zaɓe suka amince da su. Ana kiransu Dokar Marsy, da sunan Marsalee Nicholas, wata ɗaliba da tsohon saurayinta ya kashe a 1983. Ɗan sanda yakan miƙa ɗan kati mai ɗauke da su a daren kamu, yawanci kuma katin yakan ƙare a ƙasan jaka. Waɗanda suka fi amfani a wannan kotu su ne: a sanar da kai duk zaman da za a yi a bainar jama'a kuma ka halarta, a saurare ka idan ana maganar saki ko amsa laifi ko hukunci, ka gana da lauyan gwamnati kafin a rufe shari'a ba tare da an kai ga sauraron shaidu ba, a duba amincinka wajen ba da beli, ka ƙi amsa tambayoyin ɓangaren wanda ake tuhuma, da kuma a biya ka asararka. Ukun farko duk an liƙa musu sharaɗi ɗaya: idan an nema. Wasu sukan zo mana da dokar tarayya ta 2004 da suka karanta a intanet. Waccan ta kotunan tarayya ce, ba ta aiki a shari'ar gunduma.

Don haka takarda ta farko da muke taya mutum rubutawa gajera ce, shafi ɗaya: suna, lambar shari'a, kwanan wata, da jumlar cewa ina neman duk haƙƙoƙina a ƙarƙashin Dokar Marsy, musamman sanarwa da sauraro kafin a yanke shawarar mayar da shari'ar zuwa magani. A sa hannu, a ba mu kofi ɗaya, ta riƙe ɗaya. Dalilin rubutawa shi ne fayil yana canza hannu. Lauyan da ya tsaya a zaman farko ba shi ne zai tsaya a kotun masu taɓin hankali ba, kuma abin da aka gaya wa na farko da baki a bakin ƙofar kotu ba ya bin fayil. A nan ne kuma ake neman tafinta. A faɗi Hausa tun yanzu, don samun mai fassara Hausa yana ɗaukar kwanaki, galibi ta waya ko ta bidiyo ake haɗa shi. Kada a bar jika ko ƙanen wanda ake tuhuma ya yi fassara. Yaro ba zai iya maimaita wa alƙali cewa yayansa ya shaƙe uwarsu ba, zai sassauta maganar, sassaucin kuma shi za a rubuta.

Bayan haka sai rajistar VINE, na'urar da ke kiran mutum ko ta aika masa saƙo idan an saki wanda ke tsare ko an canza masa wuri. An fara ta a 1994 a Louisville ta jihar Kentaki, bayan kisan Mary Byron a 1993, wadda tsohon saurayinta ya fito beli ba ta sani ba. Ana zaɓar lambar sirri mai alƙaluma 4, kuma na'urar za ta yi ta maimaita kira har sai an danna lambar. Amma tana da iyaka da dole mu faɗa tun farko: gidan wakafi da kurkuku take bi, ba ta bin asibiti. Idan aka riƙe mutum a asibiti ƙarƙashin sashe na 5150, wato tsarewar awa 72 da ake iya ƙara wa kwana 14, ranar sallamarsa VINE ba za ta kira kowa ba. Haka nan gidajen jinya da kotu ke tura mutane, yawancinsu ba a kulle suke ba. Mutum na iya ɗaukar jakarsa ya fita da la'asar, sai washegari labari ya iso kotu.

A zaman farko lauyan gwamnati yakan nemi umarnin kariya na shari'ar laifi, fom CR-160 idan rikicin cikin gida ne, CR-161 idan ba shi ba. Iri biyu ne. Akwai na nisanta gaba ɗaya: ba waya, ba saƙo, ba aike ta bakin wani, kuma kada ya kusanci gidan ko wurin aikinta, galibi da tazarar yadi 100. Akwai kuma na mu'amala cikin lumana, wanda ya yarda su gana amma ya hana barazana da duka da tsangwama. Muna tambayar wanne take so kafin a shiga, domin idan ba ta faɗa ba za a zaɓa mata.

Wani lokaci shari'ar takan tsaya cak tun ba a je ko'ina ba. Idan aka yi shakkar ko mutumin yana fahimtar abin da ake yi a kotu, ko yana iya taimakon lauyansa, sai a dakatar da komai ƙarƙashin sashe na 1368 na dokar laifuka a sa likitoci su duba shi. A babban laifi ana iya riƙe shi a jinya har shekara 2 don a dawo da shi hayyacin da zai fuskanci shari'a. A ƙaramin laifi kuwa, tun 2022 ba a bin wannan hanya, ko dai a sa shi wani shirin magani ko a kori shari'ar. Abin da muke tsoro a nan shi ne korar, domin umarnin kariya da shari'ar yake rayuwa, da ita kuma yake mutuwa.

Idan yana cikin hayyacinsa, lauyansa zai shigar da buƙatar a mayar da shari'ar zuwa magani ƙarƙashin sashe na 1001.36 na dokar laifuka, wanda ya fara aiki a 2018. Wannan shi ne zaman da ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne mutane suka fi rasawa, don a takardar sanarwa kamanninsa ɗaya da kowane ɗage zama. Ba a buƙatar amincewar wanda aka cuta, ba a ma buƙatar ta lauyan gwamnati. Alƙali ne ke yankewa. Yana duba ko ƙwararre ya tabbatar da ciwon ƙwaƙwalwa irin su sikizofireniya ko baifola a cikin shekara 5 da suka wuce, da ko ciwon na da hannu a laifin. Bayan gyaran da ya fara aiki a 2023, ɗauka ake yi yana da hannu, sai in an kawo hujja bayyananna mai gamsarwa cewa ba shi da shi. Sannan a duba ko ciwon zai ji magani, ko mutumin ya yarda da shirin kuma ya haƙura da haƙƙinsa na a yi masa shari'a da sauri, da ko barinsa cikin jama'a haɗari ne. Kisan kai da fyaɗe da yawancin laifukan lalata ba sa shiga. Wa'adin shirin bai wuce shekara 2 a babban laifi, shekara 1 a ƙarami.

Maganar haɗarin nan tana ruɗa mutane. Ma'aunin da wannan gyara ya bari ƙunci gare shi: haɗarin da ake nufi shi ne na aikata mafi munin laifuka, irin kisa ko yunƙurinsa. Uwar da ta tashi ta ce tana tsoron ya sake marinta ta faɗi gaskiya, amma maganarta ba ta kai wannan ma'auni ba. Shi ya sa ba ma shirya mutum don ya ce a yarda ko kada a yarda kawai. Muna shirya shi ya kawo abin da babu wanda ya sani sai shi. Sau nawa aka kwantar da yaron a asibiti, a waɗanne shekaru. Wane lokaci ya daina shan ƙwayoyin, kuma kwana nawa tsakanin dainawa da tashin ciwon. Waɗanne alamu ne ke fara zuwa: rashin barci, rufe tagogi da jarida, zargin an sa masa guba a abinci. Ko ya taɓa shaƙe wani, ko ya taɓa ambaton makami. Daga nan sai buƙatu, a fili, ɗaya bayan ɗaya: a bar umarnin kariya yana aiki, a fara da gidan jinya kafin a yi maganar komawa gida, ya mayar da makulli, a duba ko allurar wata-wata za ta fi masa ƙwayar kullum tunda ita ba a ɓoye ta a ƙarƙashin harshe. Alƙali ba likita ba ne, ba zai rubuta allura ba, amma zai iya tambayar ma'aikacin asibiti dalilin da ya sa ba a gwada ta ba. Tun Yuli 2024 kuma lauyan gwamnati na iya neman a hana shi mallakar bindiga har ya gama shirin.

Kuskuren da muka fi kamawa a wannan mataki yana cikin takardar shirin maganin kanta. A layin da aka ce ina zai zauna, sai a tarar an rubuta adireshin uwarsa, ba wanda ya tambaye ta. Shi ya faɗa wa mai tantancewa, mai tantancewa ya rubuta. Don haka muke roƙon lauyan gwamnati ya karanta wannan layi kafin zama, ya kuma tambaye ta kai tsaye, ita kaɗai, ba a gaban dangi ba. A gaban dangi kowace uwa za ta ce ya dawo.

A tsakanin nan mai bincike daga ɓangaren lauyan wanda ake tuhuma yakan buga waya ko ya zo gida. Doka ta wajabta masa ya faɗi sunansa da wanda yake yi wa aiki. Tana da ikon ta ƙi magana, tana da ikon ta yarda amma ta sa sharaɗi, misali a yi a ofishinmu. Iyaye da yawa suna son yin magana da shi, kuma babu laifi, don sau da yawa su ne ke da takardun asibitin da za su taimaki ɗansu. Abin da muke tunatarwa kawai shi ne duk abin da ta faɗa zai iya fitowa a kotu.

In an amince da shirin, sai a shiga dogon zango. Da farko yakan bayyana gaban alƙali akai-akai, kowane mako ko biyu a kotuna da yawa, daga baya a tsawaita zuwa wata-wata in yana bin ƙa'ida. Abin da wanda ke zaune a bencin jama'a ba ya gani shi ne, kafin a buɗe ƙofa an riga an yi wani zama a ciki. Alƙali da lauyoyi da ma'aikatan jinya sun bi sunaye ɗaya bayan ɗaya: wane ya je alƙawarin likita, wane gwajin fitsarinsa ya nuna ƙwaya, wane za a yaba wa, wane za a ja wa kunne. A can ake dafa komai, a fili rabawa kawai ake yi cikin minti biyu ko uku. Haƙƙin halarta na zaman bainar jama'a ne, bai kai ga wancan ba. To idan akwai abin da take so ya shiga kunnen alƙali, dole ya iso mu kwana ɗaya kafin zama, a rubuce, don lauyan gwamnati ya shiga da shi. Wanda ya zo da maganarsa da safe ya yi ihu bayan hari.

Muna kuma gargaɗin mutum tun kafin ya zo cewa a wannan kotu ana tafi. Wanda ya cika wata uku bai tsallake magani ba, alƙali zai yabe shi, ɗaki ya ɗauki tafi, wata kotun har da ɗan katin sayayya. Akwai hikima a ciki, yabo yana riƙe marar lafiya fiye da tsawa. Amma wadda hannunta bai gama warkewa ba, ta ji ana tafa wa wanda ya karya shi, ba kowace zuciya ke ɗauka ba. A ganinmu ya kamata kotunan su riƙa kiran irin wannan shari'a daban idan wanda aka cuta yana ɗakin, wasu alƙalan ma suna yi in an roƙa.

Sai batun sirri, wanda ya fi komai haddasa ɓacin rai tsakaninmu da iyaye. Dokar HIPAA ta 1996 da ƙa'idar tarayya kan bayanan masu jinyar shaye-shaye sun kulle bayanan lafiya. Mutumin ya sa hannu a buɗe su ga ma'aikatan kotu kawai. Abin da za mu iya gaya mata shi ne ranar zama na gaba, ko yana tsare ko yana waje, ko har yanzu yana cikin shirin, sharuɗɗan da suka shafe ta, da duk abin da aka faɗa a fili a kotu. Sunan maganinsa da sakamakon gwajinsa da abin da ya gaya wa likita, waɗannan ba mu da ikon faɗa, yawancinsu ma ba ma ganinsu. Sai in shi ya sa hannu a wata takarda da sunanta, wadda kuma yana iya sokewa duk ranar da ya ga dama. Amma ƙofar ba ta hana shiga: babu dokar da ta hana ta kiran asibiti ta ba da labari. Ma'aikacin zai ce ba zai iya tabbatar da cewa ɗanta majinyacinsu ne ba, sai ta ce ta ji, saurare kawai take so ya yi. Gundumomi da yawa suna da fom na iyali da ake kira AB 1424, inda ake rubuta tarihin ciwon, kuma masu yanke shawarar tsarewa a asibiti dole su duba shi. Ta ɗaya ɓangaren, tun hukuncin da kotun ƙolin jihar ta yanke a shari'ar Tarasoff a 1976, likitan da majinyacinsa ya yi barazana mai tsanani ga wani sananne yana da nauyin ɗaukar matakin kare wannan mutum.

Gidajenmu sukan tambaya ko za a iya yi masa ruƙiyya ko a aiko da rubutu daga gida. Kotu ba ta hana addu'a. Abu biyu ne kawai: malami ba ya maye gurbin alƙawarin likita, kuma duk wani jiƙo ko gari da za a ba shi a nuna wa likita tukuna. Idan kuma akwai umarnin nisanta, aika malami da saƙo daga shi zuwa gare ta karya umarni ne.

Maganar kuɗi tana da hanya biyu, kuma ana yawan gauraya su. Ta farko diyya ce daga wanda ya yi laifin. Sashe na 1001.36 ya ce idan an nema, kotu za ta zauna ta tantance asara ta ba da umarnin a biya a cikin wa'adin shirin. A lura da kalmomin nan biyu, nema da wa'adi. A 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke wani umarnin diyya saboda an bayar da shi bayan wa'adin ya cika. Don haka muke tattara rasit tun makon farko: kuɗin asibiti, gyaran ƙofa, canjin makulli, wayar da aka fasa, takardar albashi mai nuna kwanakin da ba a je aiki ba, hoton ɓarna kafin a gyara. Amma ba ma sa wa kowa dogon rai. Dokar ta ce rashin iya biya saboda talauci ko ciwon ba zai hana shi shiga shirin ba, ba zai kuma hana shi kammalawa ba. Da yawansu tallafin nakasa na SSI suke ci, wanda kason tarayya a 2025 dala 967 ne a wata ga mutum ɗaya, kuma mai bin bashi ba ya iya taɓa shi.

Hanya ta biyu ita ce CalVCB, asusun jiha na biyan diyya ga waɗanda aka cuta. Ba ya jiran a yanke wa kowa hukunci, ba ya tambayar takardun zama a ƙasa. Yana biyan kuɗin asibiti da na ganin mai ba da shawara kan damuwa, albashin da aka rasa, kuɗin ƙaura da na ƙara tsaron gida, iyakarsa dala 70,000, kuma ana da shekara 7 a nema. Shi ne na ƙarshe a layi, sai abin da inshora bai biya ba. Ba ya biyan talabijin ko motar da aka farfasa. Abin da ya fi jinkirta shi rasit marar suna ne, ko lambar rahoton 'yan sanda da aka rubuta ba daidai ba. Ga waɗanda takardun zamansu ba su cika ba, muna kuma tura su wajen lauyan shige da fice a duba musu bizar U, wadda ake ba wanda aka yi wa wasu nau'ukan laifi ya kuma taimaka wa hukuma. Wannan ma dalili ne da zai sa a yi tunani kafin a daina ɗaukar wayar lauyan gwamnati.

A tsakiyar shirin za a yi tuntuɓe, kusan kowa yana yi. Tsallake alƙawari ɗaya ko komawa shan wiwi ba ya sa a kore shi, yawanci ƙara masa zaman kotu ake yi ko a canza shirin. Abin da ke sa a kira zama na musamman shi ne sabon babban laifi, ko ƙaramin laifi mai nuna halin tashin hankali, ko ƙwararre ya ce ba ya bin shirin, ko ciwon ya kai shi ga kasa kula da kansa. A wannan zama ana iya mayar da shari'ar kan hanyarta ta asali. Idan ya karya umarnin kariya, a kira lambar gaggawa ta 911 tukuna, a karɓi lambar rahoto, sannan a kira mu. Saƙon waya kada a goge, a ɗauki hotonsa da kwanan wata. Kiran da aka yi mana kawai ba tare da rahoto ba, maganar baki ce a idon kotu.

Akwai kuma karyawar da tausayi ke jawowa. Ranar Juma'a ko ranar Sallah uwa ta tuƙa tuwo, ta ce ya zo ya ci. Umarnin shi ya ɗaure, ba ita ba, don haka ko ita ta gayyace shi, shi za a kama in maƙwabci ya kira 'yan sanda. Hanyar da ta dace ita ce ta gaya mana tana son a sassauta, a sa rana, ta tsaya gaban alƙali ta faɗa da bakinta, a mayar da shi na mu'amala cikin lumana. Alƙali zai tambaye ta ko wani ya matsa mata. "Hajiya, ku faɗi abin da ke ranku, ba abin da dangi suka ce ba," shi ne abin da muke cewa a bakin ƙofa.

Wasu shari'un ba sa bin wannan hanya. Mutum yakan amsa laifi tukuna, a yi masa ɗaurin talala, kotun masu taɓin hankali ta zama sharaɗi a ciki. A nan wanda aka cuta ya fi samun madafa: yana magana a zaman hukunci, kuma umarnin diyya, fom CR-110, yana zama kamar hukuncin bashi, da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a shekara, ba ya ƙarewa da ƙarewar talalar.

A hanyar 1001.36 kuwa, idan ya bi shirin gwargwado, bai aikata wani sabon babban abu ba, kuma yana da tsarin ci gaba da jinya, sai a kori tuhumar, a ɗauki kamun kamar ba a taɓa yinsa ba. Ranar ce umarnin kariya ke faɗuwa. Saboda haka muke sa alama a kalanda wata biyu kafin ranar kammalawa, mu kira mu tambaya ko har yanzu tana buƙatar kariya. In tana buƙata, sai ta nemi nata umarnin a kotun farar hula: fom DV-100 idan ɗan gida ne, kuma ba a biyan kuɗin shigarwa, EA-100 idan ta kai shekara 65, CH-100 idan maƙwabci ne ko baƙo. Alƙali yakan ba da na wucin gadi cikin kwana ɗaya na aiki, a sa zama cikin kwana 21 zuwa 25, kuma wanda ake bayarwa bayan zaman yana iya kaiwa shekara 5. Dole wani babba da ba ita ba ya miƙa masa takardun hannu da hannu, abin da ya fi sauƙi tun yana zuwa kotu ana sanin inda yake.

A kiran ƙarshe muna tabbatar da an mayar mata da kayanta da aka riƙe a matsayin shaida, tana da kofin duk umarnin da ke aiki, tana kuma da lambar tawagar gaggawa ta gunduma da 988, layin da aka buɗe a Yuli 2022 don rikicin ƙwaƙwalwa. In ciwon ya sake tashi ba tare da laifi ba, akwai kotun CARE ta farar hula, mai tsara wa masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani shirin magani, wadda ta kai dukkan gundumomin jihar a Disamba 2024, inda uwa da kanta za ta iya shigar da fom CARE-100. In kuma ya sake ɗaga mata hannu, sabon rahoto ne da sabuwar lambar shari'a, kuma takardar neman haƙƙin da ta rubuta a baya ba ta bin sabon fayil, sai an sake rubuta wata.